Kindirmon Kyanwar Inna

Kaji nake saye ina sayarwa. Da kwando ɗaya na fara, kaji shida a ciki, ɗaure a bayan keken hawa, ina bin kasuwannin ƙauye. Yau ina da rumfa da kejuna da motar ɗaukar kaya, kuma masu gonakin kaji daga Gubi har Inkil ni suke kira idan kajinsu sun gama ƙwai za su fitar da su. Ban yi boko mai nisa ba. Abin da ya riƙe ni a sana'ar nan doka ɗaya ce da na koya tun ina da kwando: kaza idan ta fara zawo, ka fasa mata kafso a ruwa. Kwana uku. In ta miƙe, ta koma cikin 'yan'uwanta. In ba ta miƙe ba, ka raba ta da keji kafin ta shafa wa saura. Ba na tsayawa tausayi. Laifina shi ne na ɗauki dokar rumfa na shiga da ita ɗakin mahaifiyata.

Inna tana gidanmu na gado a Ƙofar Dumi, ita da ƙanwata wadda mijinta ya rasu. Ni ne ɗan fari, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba. "Mai kaji" take ce mini, ko ta ce "kai". Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan kuma inuwar mutum kawai yake nuna mata. Ba ta fita sai da dalili mai ƙarfi.

Kyanwar ta faɗo mana ne ta kan katanga a shekarar da Baba ya rasu, 'yar ƙarama, toka-toka mai farin ƙirji. Ba wanda ya kawo ta. Ta shiga ɗakin Inna ta kwanta a gefen sallaya kamar dama an ba ta wurin. Tun daga nan Inna ta samu abokiyar hira. Da ita take yin gulmar ƙanwata, ita take gaya wa gishiri ya yi yawa a miya. In Inna tana zaune, hannunta na hagu yana ƙasa, yana lalube har ya sami bayan kyanwar ya tsaya a kai.

Shekara ta shida ke nan da zuwanta ciwon ya fara. Zawo ne mai zuwa ya tafi. Sati guda lafiya, kwana huɗu ba lafiya. Ta rame, gashinta ya daina sheƙi, kuma ba ta kaiwa bayan gida inda ta saba tona ƙasa. Sai ta ɓata tabarma, ko bayan ƙofa, sau ɗaya ma gefen sallaya. Ƙanwata ce mai wanki, tana yi tana mita, amma tana yi. Inna kuwa tana da nata magani. Ta sa a tace mata ruwan dafaffiyar shinkafa, a bar shi ya huce, sannan kowace safiya in mai nono ta zo, ta karɓi kindirmo ta ɗiba wa kyanwar cokali ɗaya a murfin kwano. Zawon yakan lafa, ya sake dawowa, ya sake lafawa.

Ni kullum da safe nake biyawa in gaishe ta kafin in wuce rumfa. Wata rana na tarar tana zuba kindirmon, sai na ce, "Haba Inna! Mai zawo ake ba abu mai tsami? Ai ke kike ƙara mata."

"Yana yi mata daɗi," in ji ta.

"Ni ma kilishi yana yi mini daɗi, amma ba magani ba ne. Ki bar mini ita. Dabba nawa na tayar da hannun nan?"

"Kaji dai."

"Ciki ai ciki ne, Inna."

Na hana kindirmo. Na aiko da madarar gwangwani, na ce kyanwar uwata ba za ta sha abin talla ba ina raye. Na fito da kafso daga aljihu, irin wanda ba na rabuwa da shi, na fasa rabi a ruwa, na kama wuyanta kamar yadda nake kama na kaza, na ɗura mata. Ta yakushe ni a hannu. Kwana uku na yi ina yi. A rana ta huɗu kashinta ya ɗan yi tauri, na ce wa ƙanwata, "Kin gani?" Kafin sati ya zagayo zawon ya dawo, ya fi na da. Na sake ba ta kwana uku. Ya sake dawowa. Na sauya kafso, na sayo mai wata kala. Wata biyu muna haka. Kyanwar ta kai in ta ji ƙarar babur ɗina a lungu sai ta shige ƙarƙashin gado, sai ƙanwata ta zaƙulo ta da tsintsiya. Ban taɓa tunanin ko ni ne ciwon ba. A wurina maganin daidai ne, dabbar ce ta ƙi.

Ranar wata Juma'a na shigo da sababbin kaya zan wuce masallaci, na cire takalmi a bakin ƙofa, ƙafata ta farko ta sauka a cikin kashin kyanwar. Na tsaya da ƙafa ɗaya a sama ina kiran ƙanwata ta kawo buta. Raina ya ɓaci. A nan, ina wanke ƙafa, na yanke hukunci irin na rumfa. Kwana uku na ba ta, na ba ta wata biyu. Kyanwa ba a yanka ta, ba a sayar da ita. Abin da mutane ke yi sananne ne: a sa ta a buhu a kai ta nesa inda ba za ta gane hanya ba.

Washegari na zo da mota, na ajiye ta a bakin titi, na shigo lungun da buhun dusa a naɗe a hammata.

"Inna, asibitin dabbobi zan kai ta. Za su kwantar da ita."

"Ashe ana kwantar da kyanwa?"

"Zamani ne. Har gado gare su."

Sai ta kwance tsohon ɗankwalinta mai ruwan ganye daga kanta, ta miƙo inda take jin muryata. "Shimfiɗa mata wannan. Ba ta barci a wurin da ba ta san ƙanshinsa ba."

Na karɓa. A tsakar gida na cusa ɗankwalin a buhun, na cusa kyanwar. Ba ta da nauyi ko kaɗan, ba ta ma yi faɗa ba. Ƙanwata tana bakin murhu. Ta kalli buhun, ta kalle ni, ta mayar da kanta kan tukunya.

Inkil na kai ta. Akwai gonar wata mata da nake sayen kaji a wurinta, Kirista ce daga kudancin jihar nan, ta yi ritaya daga aikin kula da lafiyar dabbobi ta koma kiwo. Madam nake ce mata. A bayan shingen gonarta na ajiye buhun, na buɗe bakinsa. Na gaya wa kaina inda akwai abincin kaji akwai ɓeraye, ba za ta rasa abin ci ba. Na san ƙarya nake yi. Kyanwar da ba ta iya kaiwa bayan gida ba za ta kama ɓera ba. Ba ta fito daga buhun ba har na tayar da mota.

Ina da shiri. Idan zan gaya wa mai gona farashi ya faɗi, ba na faɗa masa rana ɗaya. Yau in ce kasuwa ta yi sanyi, gobe in ce 'yan kudu ba su zo ba, jibi in ya ji lambar ya riga ya haƙura. Haka na tsara wa Inna. Kwana biyu in ce da sauƙi, sannan in ce jikin ya ɗan motsa, sannan sai addu'a, bayan sati biyu in ce rai ya yi halinsa. Har na yaba wa kaina cewa tausayinta nake yi.

Abin da ban shirya masa ba shi ne robar. Da safe na zo gaisuwa, ta lalubo wata 'yar roba mai murfi ta miƙo mini.

"Na san ka hana. Amma ka kai wa likitan, ka tambaye shi. In ya ce a'a, shi ke nan."

Kindirmo ne. Na tafi da shi rumfa na ajiye a kan keji. Da rana ta yi na ga zai lalace, kuma zubar da abinci ba kyau, sai na shanye. Na wanke robar na mayar mata da safe. Ta sake cikowa.

"Me likitan ya ce?"

"Ya ce ba laifi kaɗan-kaɗan."

"Ka ji ko! Ta sha?"

"Ta sha."

"Ta shanye?"

"Tas."

Kwana goma sha ɗaya ina shan kindirmon kyanwa. A rana ta uku aka kwana ana ruwa, na tashi na ga lambatu sun cika, na tuna buhun dusa ba ya tare ruwa, na kawar da tunanin na tafi kasuwa. Da na fara cewa jikin ya motsa, Inna ta rage cin abinci. Ƙanwata ta ce tuwon dare yana dawowa rabi. In na zauna muna magana sai in ga hannunta na hagu ya sauka ƙasa yana lalube a kan tabarma, ya tafi can, ya dawo, sannan ta mayar da shi cinyarta.

Wata safiya ƙanwata ta biyo ni har zaure.

"Yaya, wane asibiti ne? Ina so in je in gan ta."

"Ba sa barin baƙi."

"Kyanwa ce fa, ba matar gwamna ba."

"Ke kika fi kowa mita a kanta."

"Mita na yi. Ban sa ta a buhu ba." Ta juya ta shige.

A rana ta goma sha biyu Madam ta kira ni, ta ce tana da kajin fitarwa. Na so in ƙi, amma ban taɓa ƙin kaya ba, kuma wani abu a raina yana so ya leƙa bayan shingen. Na leƙa kafin in shiga. Ba buhu, ba komai. Na ce shi ke nan, karnuka sun gama.

Muna cikin ɗakin da take ajiye abincin kaji, tana nuna mini lissafin kwanakin kajin a bango, sai na ga abu toka-toka a kan buhuna. Ta ɗago kai. Farin ƙirjin nan. Tana ganina ta dira ta shige tsakanin buhuna.

"Ah ah!" in ji Madam. "Alhaji, me ka yi mata? Ba ta gudun kowa fa."

"Ƙila warin kasuwa ne. Ina kika samo ta?"

"Wani mugu ne ya yar da ita a bayan shinge. Da safe na same ta a cikin buhu, ruwa ya jiƙa ta, ƙashi da fata, bayanta duk kashi. Na ce wannan ba za ta kai yamma ba."

Na buɗe bakina na ce, "Kai, mutane ba su da imani."

Da kunnena na ji na faɗa. Muryata ko rawa ba ta yi ba, irin wadda nake taya kaya da ita.

Madam ta miƙa hannu kan ƙusa ta sauko da wani tsumma wankakke, ninke. Ɗankwalin Inna ne.

"Ka ga wannan? A cikin buhun yake. Ni abin da ya dame ni ke nan. Wanda ya sa ɗankwalin nan daban, wanda ya sa ta a buhu daban. Akwai wata tsohuwa a wani wuri da ba ta san inda kyanwarta take ba."

Na zauna a kan buhun dusa na ce, "Na uwata ne."

Ta ajiye ɗankwalin a kan buhu. Sannan ta ce, "Faɗa mini duka."

Na faɗa. Da na zo kan kafso ta dafa kai. Da na zo kan madarar gwangwani ta ce, "Yesu! Har da madara?" Da na ce wata biyu, sai ta jawo bokiti ta kifa ta zauna.

"Alhaji, kai likita ne?"

"A'a."

"To me ya sa kake yawo da kafso a aljihu kamar goro? Bari in tambaye ka. Matan da ke yin kindirmo, yaya suke yi madara ta kama?"

"Suna zuba ɗan na jiya a ciki."

"Yauwa. Iri ke nan. Akwai wasu ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani, su ne suke aikin. A hanjin kyanwa ma akwai irinsu, a naka ma akwai. Su ke sa abinci ya zauna. Kafsonka ba ya tambayar wane ne mai kyau, wane ne mugu, kowa yake kashewa. Duk lokacin da irin ya fara farfaɗowa sai ka sake zuwa da sabuwar kala. Sannan ka bi da madara, wadda cikin babbar kyanwa ba ya iya narkarwa. Mamanka tana zuba iri da cokali, kai kana kwashewa da shebur."

Ta nuna mini abin da ta yi. Ta ba ta maganin tsutsa daidai nauyinta. Ta dafa mata naman kaza ba mai ba gishiri, da ɗan shinkafa, kaɗan-kaɗan sau huɗu a rana. Ta ɗauko wata 'yar leda mai farin gari, ta ce sunansa furobayotik, shi ne irin nan da aka busar, tana barbaɗa ɗan kan cokali a abincin. Na tambaye ta kindirmon fa. Ta ce ba kowace kyanwa yake karɓa ba, kuma ba ya maye gurbin likita, amma cokali ɗaya marar sukari bai cuci wannan ba.

"Kada ka ɗauka ta warke," in ji ta. "Cikinta mai rauni ne, haka za ta zauna. Zai riƙa tashi. Lallaɓawa ake yi, ba kwana uku ba. In ya tashi da jini ko ta daina ci, likita za a kai ta, na gaske, ba na aljihu ba. Kajin da kake yi wa haka ma, wata rana za mu zauna."

Na ce na gode, na ce bari in ɗauke ta.

"Ban ba ka."

"Madam, ta gidanmu ce."

"Mai ɗankwali zan ba. Kai ka riga ka yar. Ka kawo ta ta karɓa da hannunta."

Na ce tsohuwa ce, ba ta gani, ba ta fita. Na ce zan ɗauki kajin duka yadda ta faɗa ba ragi. Ta ce kaji daban, wannan daban. Na gane abin da take yi. Da ta ba ni, da na shiga gida na ce an sallamo ta daga asibiti, in karɓi godiya da albarka. Kuma da na yi. Na san kaina.

Bayan la'asar na shiga ɗakin Inna. Ban zauna a kujera ba, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Ƙanwata ta tsaya a bakin ƙofa. Na fara da cewa kyanwar tana raye kuma tana samun sauƙi, don wannan ne kawai abin kirki a bakina. Sannan na faɗi sauran, buhun da shingen da ruwan sama, da shirin da na yi na ce mata ta mutu. Ban rage komai ba.

Inna ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana murza carbinta ba tare da ta ja ko ƙwaya ɗaya ba.

"Kindirmon fa?"

"Ni nake shanyewa."

Ƙanwata ta toshe bakinta da mayafi.

"Tas?" in ji Inna.

"Tas."

"To. Allah ya sa ya yi maka magani." Ta juya wajen ƙofa. "Ke, miƙo mini mayafina."

Na ce motata tana bakin titi. Ta ce a kira mata keke mai ƙafa uku. Haka muka tafi Inkil, ita da ƙanwata a keke, ni ina bin su a baya da motar kaji, a hankali, masu babur suna yi mini hon.

Madam ta tare ta a ƙofa ta rusuna ta ce, "Sannu Mama," ta kama hannunta har ɗakin abincin. Ni aka ce in tsaya a waje kada kyanwar ta ɓuya. Ta taga nake gani. Inna ta zauna a kan bokitin nan, ta sauke hannun hagu ƙasa, ta ce, "Mus-mus." Sau biyu ta faɗa. Kyanwar ta fito daga tsakanin buhuna ta zo ta sa bayanta a ƙarƙashin hannun. Inna ta shafa ta daga kai har wutsiya, ta tsaya a haƙarƙari tana ƙirgawa da yatsa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce wa Madam, "'Yata, ta yi ƙiba a wurinki." Suka zauna Madam tana yi mata bayanin garin, ƙanwata tana riƙe da ledar. Na ji Inna tana cewa, "Ashe dai iri ne," suna dariya. Ban shiga ba har suka fito.

Shekara biyu ke nan. Kyanwar tana nan. Cikin yakan tashi, musamman in ta saci abin da ba nata ba, sai a koma naman kaza da shinkafa har ya lafa. Ni nake kawo kazar, ni nake sayo garin. Ƙanwata ce take aunawa. Na daina yawo da kafso.

Inna ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Tana sa mini albarka kamar da. Ni nake kai ta asibitin ido, ni nake riƙe mata magungunanta, makullin akwatinta ma a wurina yake. Amma in na shigo gaisuwa, kafin in gama sallama, hannunta ya riga ya sauka ya jawo kyanwar kan cinyarta, ya rufe ta da gefen zane. Ban sani ba ko ta san tana yi. Kwanan baya da za a kai kyanwar wurin Madam ta duba ta, na ce ina da hanya can, in tafi da ita in dawo da ita kafin azahar.

"A'a, mai kaji," in ji ta. "Kira mini keke."